Baba Sha'aibu Mai Gadi da Kwalbar Zoɓo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a ofishin wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Tarauni, can ta wajen Daurawa, kuma tagar ofishin tana fuskantar ƙofar shiga. Don haka in ana neman wanda ya san Baba Sha'aibu mai gadi, a zo wurina. Na kalli ƙeyar dattijon nan fiye da yadda na kalli fuskar mijina, Allah ya gani.

Dogo ne siriri, da furfura a gemu, da wata hula da ta daɗe da manta launinta. Yana da benci ɗaya, da buta, da sandar da ban taɓa ganin ya daki kowa da ita ba. Ba ya bukatar duka, idonsa ya isa. In ka gaishe shi ba zai amsa ba sai ya ƙare maka kallo tun daga hula har takalmi, sannan ya ce "Lafiya," kamar bai gama yarda cewa lafiyar ce ta kawo ka ba. Ni da nake wucewa ta gabansa kullum, akwai ranar da ya sa na buɗe masa kular abincina, wai ta fi ta jiya girma. Ɗanwake ne a ciki. Na ce ko zai ɗanɗana ya tabbatar, ya ce a'a, shi ba ya cin abincin wanda yake bincika.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Wudil. Ya shigo Kano yana saurayi, ya samu gadi a wata masaƙa a Bompai, ya shekara goma sha takwas yana laluben ma'aikata in an tashi, saboda masu naɗe yadi a ciki ko a cinya su fice da shi. A bakin ƙofar nan ya yi duk karatunsa, don bai taɓa zama a aji ba. Yakan ce ɓarawo ba ya wuce ka shiru, sai ya gaishe ka gaisuwar da ta wuce kima, har ya tambayi iyali. Da masaƙar ta rage ma'aikata, sai ya dawo ƙofarmu da wannan ilimi nasa, ya ɗora shi a kan 'ya'yan mutane.

Amma ba masaƙa ce kaɗai ta mayar da shi haka ba. Yana da ɗa namiji ƙwaya ɗaya, Bello. Shekara biyu yaron yana shaƙar sholisho, uban da ke gano yadi a ƙarƙashin rigar ƙato bai gane ba. Ya ga rama ya ce girma ne, ya ga jan ido ya ce rana ce. Ranar da ya farga an riga an makara. Bello ya ƙare a bakin titi yana zance shi kaɗai, daga baya aka tsinci gawarsa a wani kango a Hotoro. Sau ɗaya tak Baba ya ba ni wannan labari, bai ƙara ba. Tun daga nan ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake ganin alama ya kawar da kai ba.

Kuma a yi masa adalci, yana kamawa. Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, gari ya cika da samarin da aka kwasa zuwa tarurrukan siyasa aka koya musu shaye-shaye, aka gama zaɓe aka watsar da su. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga katangar makarantarmu ba, Baba ya kama ɗalibai biyu da ƙwaya a cikin safa. Kafin su ma ya kama wasu. Har ya zamana tun daga Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi iyaye sun san cewa in Baba Sha'aibu ya nuna yaro da yatsa, magana ta ƙare. Wasu har godiya suke zuwa yi masa. Ni kam ina ganin godiyar nan ce ta fara ɓata shi.

To, sai idonsa ya sauka a kan Haisam.

Haisam ɗan aji shida ne, ɗan Malam Inuwa tela da ke da shago a Gyaɗi-Gyaɗi, layi biyu tsakaninsa da gidanmu. Shi ne ɗan fari. Yaro ne mai jiki sosai, har 'yan ajinsu na kiransa Buhu, kuma ba ya fushi, sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin awararsa. Kakarsa ce ta rene shi, irin tsofaffin nan da ke ganin in jika bai tashi daga gaban kwano yana nishi ba, to an zalunce shi. Ga ƙwaƙwalwa kuma, musamman a lissafi. A lokacin saura kiris a aika da sunayen masu zana jarrabawar fita, kuma duk wanda sunansa bai shiga jerin nan ba, shekararsa ta tafi. Ga ɗan tela mai ƙanne bakwai, shekara in ta tafi ba lallai ta dawo ba.

Wata safiya Baba ya leƙo ta tagata, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Hasana, kin lura da ɗan telan nan?"

"Me ya yi, Baba?"

"Wandonsa ya fara yi masa yawa."

Na yi dariya na ce ai abin murna ne. Ya juya ya koma bencinsa. Amma daga ranar kusan kullum sai ya kawo mini sabon rahoto, kamar ni ce na sa shi aikin. Yau ya ce yaron da a da sai an kaɗa ƙararrawa yake saukowa daga acaɓa, yanzu shi ne na farkon zuwa, kuma a ƙasa. Gobe ya ce yana zuwa jiƙe sharkaf da gumi, yana haki, idanunsa jawur. Jibi ya ce ba shi kaɗai ba ne, tare suke zuwa da Chibuike, wani ɗan ajinsu da uwarsa ke aikin jinya a asibitin koyarwa, kuma da sun shigo sai su zarce famfon bayan aji su wanke fuska su sake riga. Me suke wankewa? Warin me suke gudu a ji?

Sannan ga abin da ya fi tsaya masa a rai. Masu awara da soyayyar doya da ke zama a gefen ƙofa sun rasa babban mai ciniki. Haisam ya daina saye. Ya daina shan lemon kwalba. Kular da kakarsa ke cika masa, Baba ya gan shi da idonsa yana raba wa 'yan aji ɗaya fiye da rabi.

"Yaro mai cin kwano biyu ya koma tsakura," in ji Baba, "kuma yana ta fara'a babu dalili. Ruwa ba ya tsami banza, Hasana. Na taɓa ganin wannan a cikin gidana."

Ba zan yi ƙarya don in wanke kaina ba. Mako shida ana ɗura mini wannan magana ta taga, ni ma na fara kallon yaron da wani ido. In ya gaishe ni sai in ga kamar gaisuwar ta yi yawa. Haka zargi yake, ana ɗaukarsa kamar mura.

Ranar wata Litinin Baba ya bari sai da suka sake kaya, ya kira su ƙofa ya ce su sauke jakunkuna. A jakar Haisam ya samu littattafai, da jiƙaƙƙiyar riga, da wani tsohon takalmin kambas, da kwalba cike da wani ruwa ja mai duhu. Ya ture sauran gefe ya ɗaga kwalbar sama.

"Mene ne wannan?"

"Zoɓo ne, Baba."

Baba ya buɗe ya shinshina, ya karya dokarsa ya ɗan kurɓa. Nan take ya tofar, ya yamutsa fuska. Tsami, da yaji-yaji, babu ko ɗigon zaƙi.

"Zoɓo? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin mai hankali ya sha zoɓo ba sukari ba. In ba don a ɓoye ɗacin wani abu ba, wa zai sha wannan?"

Ya tasa su gaba har ofishin shugaban makaranta, Mista Eugene, wanda haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Aka kulle kwalbar a kabad, aka ce kowane yaro ya zo da mahaifinsa washegari. Chibuike ya ce mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma an tura ta kwas Zariya sai Alhamis. Baba ya kalle ni, na gane abin da yake nufi: ga ƙarya ta fara.

Talata Malam Inuwa ya zo. Mutum ne mai kamun kai, ba ya ɗaga murya, ya daɗe yana fama da ciwon suga, duk unguwa an sani. Aka kira ni in zauna in rubuta abin da aka tattauna. Chibuike yana tsaye, Haisam kuwa yana ganin mahaifinsa ya durƙusa a gefen ƙofa ya sunkuyar da kai.

Mista Eugene ya tambaya, "Malam Inuwa, ƙarfe nawa yaron nan yake fitowa daga gida?"

"Da an idar da sallar asuba, ranka ya daɗe. Ya ce kun sa musu darasin safe saboda jarrabawa."

"Babu wani darasin safe," in ji Baba daga bakin ƙofa. "Ni nake buɗe makarantar nan."

Sai Chibuike ya ɓarke, yana haɗa Hausa da Turanci don sauri. Ya ce gudu suke yi, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi suke zagayowa ta babban titi har makaranta, motsa jiki ne kawai, zoɓon kuma mamarsa ce take dafawa, a jira ta dawo a tambaye ta.

"Gudu?" Baba ya ce. "Wa ya biyo ku?"

Chibuike ya ci gaba da rantse-rantse har da hawaye, amma wa zai saurari shaidar wanda ake tuhuma tare da kai? Mista Eugene ya juya ga ɗayan.

"Haisam, kai muke sauraro. Gaskiya abokinka ya faɗa?"

Haisam bai ɗago ba. Aka sake tambaya, bai ɗago ba.

A nan ne raina yake ɓaci har yau. Mista Eugene yana ganin duk yaron da aka yi wa ƙage zai yi kururuwa kamar Chibuike, don haka shiru a wurinsa amsa laifi ne. Shi ba na ganin laifinsa sosai. Amma ni da Baba Sha'aibu fa? Mun san irin gidan da yaron ya fito. Mun san ɗan fari a irin gidan nan ba ya zama inuwa ɗaya da ubansa, balle ya ɗaga kai ya yi musu a gabansa cikin mutane. Mun san uban ma, ko sunan yaron ba ya kamawa, kuma ko zai mutu ba zai buɗe baki ya kare ɗan farinsa a bainar jama'a ba, don kada a ce ba shi da kunya. Mun san duk wannan kamar yunwar cikinmu. Amma Baba yana neman shaida, ni kuma ina riƙe da biro kamar gunki.

Malam Inuwa ya gyara zama, yana kallon bango.

"Ranka ya daɗe, na daɗe da ganin ramar. Kakarsa kullum cikin kuka take, wai ya ƙi abinci. Na ɗauka karatu ne. Ba sai kun kore shi ba, ni zan tafi da shi. A ba ni takarda kawai."

Mista Eugene ya ce a dakata zuwa Alhamis a ji ta bakin matar, tunda ba a ma auna abin da ke cikin kwalbar ba.

"Abin da Baba ya gani ya ishe ni," in ji Malam Inuwa.

Ni na buga takardar. Layi huɗu ce, ko kuskure ɗaya ban yi ba. Uban ya fita gaba, ɗan ya biyo baya da tazarar taku goma, Baba ya buɗe musu ƙofa. Har Malam Inuwa ya tsaya ya yi masa godiya.

Alhamis da hantsi Maman Chibuike ta iso, ko farin kayan aikinta ba ta cire ba. Gajeruwa ce, amma muryarta ta cika harabar tun kafin ta shigo ofis. Shekara ashirin tana Kano, ta iya faɗa da Hausa fiye da ni.

"Ina kwalbar? A ba ni kwalbar!"

Aka fito da ita, aka kira Baba da Chibuike. Kwana uku a kabad, zoɓon ya ƙara tsami. Ta buɗe, ta kafa kai, ta sha rabi, ta dire a kan tebur.

"To, ku zauna ku jira in fara tangaɗi. Zoɓo ne da citta da kanumfari, da ruwan da na tafasa da hannuna. Ni na hana a sa sukari."

Sannan ta zauna ta ba da labarin daga tushe. Haisam ne ke raka mahaifinsa asibiti duk wata. Wata rana suna layi ya ga an turo wani mutum a keke, an yanke masa ƙafa saboda ciwon suga. Da ya gan ta ya gane uwar abokinsa ce, sai ya lallaɓo ya tambaye ta a ɓoye ko ciwon nan ana gadonsa. Ta ce ana iya gadonsa, kuma mai jiki irin nasa ya fi kusa da shi, amma in ya tashi tsaye tun yanzu zai iya kauce masa. Ta ce ya bar lemon kwalba, ya rage soye-soye da tulin tuwo, ya riƙa cin ganye, ya kwanta da wuri, ya riƙa motsa jiki kullum. Ɗanta dama mai son ƙwallo ne, yana gudu da safe, sai ta haɗa su.

Baba bai sauka da sauƙi ba. Yana tsaye da sandarsa yana jefo tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

"Jan idon fa?"

"Baba, ka taɓa bin babban titi a guje da safe, acaɓa ɗari suna tura maka hayaƙi a fuska?"

"In abin kirki ne, me ya sa ya yi wa ubansa ƙarya?"

Chibuike ne ya amsa wannan. Ya ce ranar farko Malam Inuwa ya ga Haisam a ƙofar gida da gajeren wando, ya aika aka gaya masa cewa ɗan mutunci ba ya gudu a titi sai ɓarawo ko mahaukaci, kada ya sake gani. Kakar kuma in ya rage abinci sai ta fashe da kuka, shi ya sa yake ɗaukowa ya rabar a makaranta.

Sai Baba ya ce wa Chibuike ya ciro takalmin gudunsa. Ya karɓa ya juya ƙasansa, ya ga ya cinye har ya kusa hujewa. Na san abin da yake tunawa. Irinsa ya ciro daga jakar Haisam ranar Litinin, ya riƙe shi a hannu, ya ture shi gefe don ba shi yake nema ba. Ya miƙa wa yaron takalminsa ya fita. Ranar har aka tashi yana zaune a benci, mutane suna shiga suna fita, bai ɗaga ido ya kalli kowa ba. Na ji tausayinsa, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Mista Eugene ya sa na buga wata takardar, ta mayar da Haisam makaranta tare da ba da haƙuri. Ranar Litinin da azahar za a kai jerin sunaye, don haka dole yaron ya zo ya cike fom ɗinsa kafin lokacin. Ana neman wanda zai kai takardar sai Baba ya leƙo ta taga.

"Hasana, ke kin san shagon. Gobe in an sauko daga masallaci ki raka ni. Bakin da ya ɓata shi zai gyara."

Shagon Malam Inuwa ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka. Muna isa na hango Haisam a can ciki yana guga da dutsen gawayi. Malam Inuwa ya tashi da sauri ya shimfiɗa wa Baba darduma, ya yi ta marhabin kamar an kawo masa babban malami. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga, amma bai zauna a dardumar ba. Dattijon da ya haifi Malam Inuwa a shekaru, sai ga shi ya durƙusa a gabansa.

"Subhanallahi! Baba, tashi don Allah."

"Bar ni a nan, Malam Inuwa. Na zo in janye maganata. Na yi wa yaronka ƙazafi. Babu abin da yake sha. Ni na gani da idona, ni ne kuma na ga ba daidai ba."

Ya kwashe duk abin da matar ta faɗa ya gaya masa, bai rage komai ba, har da takalmin. Na miƙa takardar. Malam Inuwa ya karɓa da hannu biyu, ya karanta a nutse, ya ninke ta, ya ɗora a kan keken ɗinki. Sannan ya yi wani murmushi mai sanyi.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Na san abin da ya taso ka, tausayi ne. Matar nan ta je ta yi muku hayaniya don ta wanke ɗanta, kuma ba yadda za a wanke nata a bar nawa. Na gane."

"Ba haka ba ne. Wallahi..."

"Kada ka rantse saboda shi, Baba. Yara nawa ka nuna a makarantar nan? Wanne ne daga baya aka ce ba haka ba? Duk garin nan an san idonka. Ba a kan nawa za ka fara kuskure ba."

Shekara da shekaru Baba yana gina sunan nan, yau ga shi ya zo da kansa zai rushe, an ce masa bai isa ba. Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Na manta a shagon mutane nake, na manta ni mace ce a gaban maza.

"Haba Malam! Yaron nan ciwonka ya gani ya tsorata. Ƙafar mutum ya ga an yanke. Maimakon ka sa masa albarka, sai ka cire shi daga makaranta saura kwana uku a rufe sunaye?"

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da an samu ƙofa.

"Malama Hasana, wanda ya iya tsara mini ƙaryar darasin safe har wata biyu, zai iya tsara wa ma'aikaciyar jinya wadda ta fi ta. A nan ina ganinsa daga safe har dare. A can wa zai gani mini?"

"To ga shi nan, ka tambaye shi mana!"

Malam Inuwa bai juya ba. Ya kalli ƙyallayen da ke rataye a bango ya ce, kamar da su yake magana, "In akwai mai magana, ya yi."

Ƙarar dutsen guga ta tsaya. Haisam ya ajiye shi ya durƙusa a inda yake. Na san abin da ke bakinsa, kuma na san nauyinsa: sai ya ce wa mahaifinsa a gaban baƙi, na saɓa maka ne don ina tsoron in zama kamar kai. A zuciyata ina ta cewa faɗi, ɗan nan, faɗi, yau ɗaya dai ka ajiye kunyar nan. Baba Sha'aibu ma ya juya gaba ɗaya yana kallonsa, idon nan da ya saba tsorata yara yau roƙo yake yi.

Haisam ya ce wa mahaifinsa, murya can ƙasa, "Baba ya yi haƙuri."

Malam Inuwa ya gyaɗa kai a hankali. "To, kun ji."

Babu abin da ba mu faɗa ba bayan nan, amma kamar muna zuba ruwa a kwando. Da muka tashi tafiya Haisam ya riga mu fita, ya juya wa Baba takalmansa ya daidaita su, ya ce, "A sauka lafiya, Baba." Dattijon ya daɗe yana neman sa ƙafa a ciki ya kasa. A bakin titi muka rabu.

Asabar ya koma shi kaɗai, Lahadi ma ya koma da limamin unguwarsu. An karɓe su da mutunci, an sallame su da mutunci.

Litinin tun da safe na ɗora takarda a tafireta na fara jera sunayen 'yan aji shida. Baba yana tsaye a tagata, bai iya karatu ba amma yana bin kowane layi da ido. Da na yi nisa ya ce, "Kin zo wurin nasa?"

"Yanzu zan wuce shi, Baba."

"Ki bar masa layi."

Na bar layin a buɗe na ci gaba. Ya koma ƙofa, amma bai zauna ba. Ya fita waje ya tsaya a tsakiyar rana yana kallon hanyar da ke zuwa daga Gyaɗi-Gyaɗi, duk yaron da ya ɓullo daga nesa sai ya sa hannu ya kare ido. Aka kaɗa ƙararrawar tara, aka kaɗa ta sha ɗaya. Da aka kira azahar Mista Eugene ya sa hannu a jerin, ya ja biro a kan layin da na bari, ya sa takardun a ambulan ya shiga motarsa. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya yi ham sau ɗaya, ya jira, ya sake yi.

Baba Sha'aibu ya ƙara duban hanyar. Sannan ya jingine sandarsa, ya zare sakata, ya buɗe wa motar ƙofa.